Rigar Sanyi Mai Kauri Ba Ta Wadatar da Mai Hawan Dutse

Mutane da yawa suna ɗauka cewa babbar riga guda mai kauri ita ce maganin sanyin tsaunuka, alhali wannan fahimta tana jefa masu hawa cikin haɗari. A dutsen Ben Nevis na ƙasar Sikotland, mai tsayin mita 1,345, ruwan sama da iska ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, kuma mai hawa yakan fara gumi tun daga gindin dutsen. Idan rigar da ke manne da fatarsa ta auduga ce, za ta shanye gumin ta riƙe shi, sai iska ta zuƙe ɗumin jikinsa da zarar ya tsaya hutawa, domin ruwan da ke jikin rigar yana janye zafi fiye da busasshiyar iska kusan sau 25.

Abin da ya dace shi ne a sa tufafi hawa-hawa: ta ciki ta ulu ko zaren roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, sannan ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Da haka mutum zai cire ɗaya kafin gumi ya keto masa, ya mayar da ita idan ya tsaya.