Ranar da Ajami Ya Cece Ni Daga Bature

A majalisarmu ta bakin teburin mai shayi, ni ne malamin kirifto, wato kuɗin intanet. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Tun 2021 nake harkar, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa ta, kuma da idona na ga dangwalen 2024, wato danna waya don neman kirifto kyauta, ya cinye wa samarin unguwa babban yatsa. Duk wanda aka damfara, kafin ya gama ba da labari na ce masa, "Kai ma dai da garaje kake." Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwargida, shi ne duk dukiyar da nake wa wannan ɗagawa dala 140 ce ta USDT, wani kuɗin kirifto mai bin darajar dala.

Wata Talata da hantsi saƙon imel ya shigo, da tambarin kamfanin da nake saye da sayarwa a wurinsu, launi da komai. Wai an yi yunƙurin shiga asusuna daga Rasha, jami'in tsaronsu zai kira ni nan ba da jimawa ba. Na ce bari in watsa ruwa tukuna in dawo hayyacina. Na saɓe jikina da sabulu ke nan sai uwargida ta buga ƙofar banɗaki.

"Malam, wani Bature ne ke nemanka."

Gaskiya kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Shekara arba'in da ɗoriya ina duniya, ba wanda ya taɓa kira na daga waje sai wani abokina da ya je Umara yana tambayar lambar takalmina. Na fito da tawul, kumfa a kunne, na karɓi waya. Lambar ta fara da +44, wato Ingila. Mutumin ya kira cikakken sunana har da na mahaifina, ya karanto adireshin imel ɗina daidai. Na gyara tsayuwa, na ce "Yes sa" da irin muryar da ban yi ba tun ina firamare.

Ya ce ɓarayin suna cikin asusun a yanzu haka, minti goma kawai gare mu. Kada in kashe waya, kada in gaya wa kowa, don ta yiwu ɓarawon na kusa da ni ne. Na juya na kalli uwargida, ita ma ta kalle ni, tana riƙe da ludayi. Allah Ya yafe mini abin da ya ɗarsu a raina. Sai ya ce walet ɗin da nake tura kuɗi cikinta, wato jakar ajiyar kirifto ta waya, ita ma ta kamu, don haka in karanto masa kalmomi 12 na sirri ya kulle ta daga can.

Kalmomin nan 12, ni ne fa nake wa mutane wa'azi a kansu. Su ne walet ɗin kanta: wanda ya riƙe su zai buɗe ta a kowace waya a duniya ya kwashe, kuma kuɗin kirifto in ya fita ya fita, babu manajan bankin da za ka je ka yi wa kuka. Duk na sani. Amma ilimin nan ya bi ruwan wanka. Na ruga ɗaki, na ɗaga katifa, na jawo tsohuwar jakar takardun makaranta, na zaro 'yar takardar.

Abin da na manta shi ne, ranar da na rubuta su, wayo ya yi mini yawa. Don kada wani ya tsinta ya gane, sai na rubuta su da ajami. Kalmomin Turanci, da ajami, babu wasali ko ɗaya, da biron da ke tsallake.

"Ta farko," na ce, "ko dai bird ce, ko bread, ko kuma board."

Ya ce wacce daga ciki? Na ce ba, ra, dal na gani. Ya yi shiru. Ta biyu ta fi muni, don ajamina bai san bambancin fa da pa ba. Ta uku kuwa danshin damina ya cinye ɗigonta, ban san nun ba ce ko ta. Muna ta fama, yana cewa saura minti huɗu, ina cewa ya yi haƙuri in matsa kusa da taga. A kalma ta biyar Turancin hancin nan ya fara zamewa. A ta shida na ji zakara ya yi cara a bayansa. Ban ce babu kaji a Landan ba, amma wannan carar irin ta gida ce, kuma can ƙasa-ƙasa akwai ƙarar ƙaramin janareta. A ta bakwai ya daka mini tsawa: "Oga, abeg!"

Ko a nan ban farga ba, wallahi. Cewa na yi a raina, ashe ɗan Najeriya ne ya samu aiki a can, Allah Ya sa albarka.

'Yar ƙanwata ce, wadda ke zaune wurinmu tana karatun kwamfuta, ta leƙo ta ga kawunta da tawul yana tilawa a waya. Ta miƙo hannu ta katse kiran ba ko sallama. Na taso mata, ta ce, "Kawu, buɗe saƙon nan mu gani." Ta danna sunan wanda ya aiko, ainihin adireshin ya bayyana. Sunan kamfanin ne, amma a inda ya kamata a ga harafin l an sa lamba 1, an kuma ƙara masa wata jela a baya. Ta ce in shiga manhajar kamfanin da kaina, ba ta hanyar saƙon ba. Na shiga. Babu Rasha, babu ko Rijiyar Zaki. Wayata ce kaɗai ta taɓa shiga.

Na ce to lambar Ingila fa? Ta ce da intanet ake kira, a sa lambar da aka ga dama ta fito. Na ce sunan mahaifina fa? Ta ce bayanan mutane sayar da su ake yi kamar goro. Ta ba ni misalin Coinbase, wani kamfanin saye da sayar da kirifto, wanda a watan Mayun 2025 ya sanar cewa 'yan damfara sun ba wasu ma'aikatan kula da abokan ciniki cin hanci sun kwashi bayanan mutane, har suka nemi dala miliyan 20, kamfanin ya ƙi biya. Da irin waɗannan bayanan ake kiran mutum a zama kamar na gida.

"Kuma Kawu, ba kai ka ce mana kamfani ba ya tambayar kalmomin nan ba? Ko lambar da ake turowa ta waya ka ce kada mu ba kowa."

Na ce gwada shi nake yi. Ta kalli kumfar da ta bushe a kunnena, ba ta ce komai ba. Yarinyar tana da tarbiyya.

Sau uku ya sake kira. A na ukun na ɗauka na tambaye shi lafiyar zakara, ya zage ni da yaren da ban sani ba. Daren ranar muka buɗe sabuwar walet muka mayar da kuɗin, tunda ko a lalace ya ji rabin kalmomin. Sababbin na rubuta su da boko, manya-manya.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan isha'i uwargida ta ajiye mini tuwo, ta zauna kusa, ta ce cikin sanyin murya, "Malam, ɗazu da Baturen ya tambaye ka nawa ne a ciki, na ji kamar ka ce dala ɗari da arba'in. Nawa ke nan a kuɗinmu?"

Ranar Asabar muka je Kantin Kwari. Atamfa turmi biyu da mayafi.