Ɗalibin Tumbau da tarihin ilimin labarin ƙasa

A makarantun sakandare na karkarar Kano da Jigawa, ana koyar da labarin ƙasa tamkar ilimi ne da ya faɗo daga taswirar da ke rataye a bangon aji. Ɗalibi na haddace sunayen duwatsu da tekuna, amma da wuya a gaya masa waɗanda suka gina fannin, balle ya san cewa wani ɓangare nasa a gonakin kakanninsa aka gina shi. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata jami'o'inmu su cike.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi bayanin ƙasashen Sudan, wato yankinmu na Afirka ta Yamma, da al'ummominsu a littafinsa Infaƙul Maisuri, kuma lokacin da Clapperton, Bature matafiyi ɗan Birtaniya, ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, an ba shi taswirar yankin wadda daga baya aka buga a Ingila. Farfesa Akin Mabogunje kuwa, ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta duniya, a Kano aka haife shi a 1931.

Abin da ya fi shafar mu, mutanen karkara, shi ne aikin Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962, ya koma Jami'ar Bayero a 1979. Ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, irin su Tumbau a Gezawa, da kuma Dagaceri da ke Jigawa a yau, inda ya bibiyi yadda iyalai suka tsallake farin farkon shekarun 1970. A wancan lokaci masana da dama sun ɗauka cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa ya jawo hamada. Bincikensa ya nuna cewa manomin Kano, da takin da yake kaiwa gona a kan jaki, da haɗa gero da dawa da wake a kunya guda, da barin gawo da ɗorawa su girma a tsakiyar shuka, yana noma gona ɗaya kowace damina ba tare da ta mutu ba. Wannan ya sauya tunanin masana game da yankin Sahel, amma jikokin manoman da aka yi nazari a gonakinsu ba sa jin labarin a aji.

Adana irin wannan tarihi ba ado ba ne. Wanda ke son sanin abin da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka yi wa fadamun Haɗejiya, ko yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, dole ya kwatanta yau da jiya, kuma jiyan tana cikin tsofaffin taswirori da hotunan da aka ɗauka daga sama da kundayen ɗalibai, waɗanda gara da danshi ba sa ɗaga wa ƙafa.

Sassan labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da na jami'o'in Jigawa su tattara waɗannan takardu, su adana su a kwamfuta, sannan su taƙaita muhimmansu da Hausa domin malaman sakandare. Kwafin abin da aka rubuta game da kowane ƙauye kuma a miƙa shi ga makarantarsa da dagacinsa, domin da lokacin manomansa da amsoshinsu aka rubuta shi.