Iyaye, a kame baki a kan hanya

Assalamu alaikum warahmatullah.

Hutu ya ƙarato, masu zuwa gida da iyali sun fara ɗaure kaya. Wanda ya taɓa ɗaukar mata da ƙananan yara daga Kano zuwa Maiduguri ya san yadda abin yake. A fita da asuba kowa fes, yara na ta murna. Ba a wuce Wudil ba wani ya ce fitsari. A Azare 'yar auta ta kelaya amai a zanin uwarta, biyu a baya suna faɗa a kan taga. Kafin Potiskum rana ta take, ruwan gora ya yi ɗumi, ana ta "Baba, mun kusa?" alhali ko Damaturu ba a hango ba. A daidai nan baki ke suɓucewa: "Allah wadaranka!" "Tsinanne kawai!" "Kai dai ba za ka yi albarka ba!"

'Yan'uwa, wannan wuri ne mai haɗari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce addu'o'i uku karɓaɓɓu ne babu shakka: addu'ar wanda aka zalunta, da ta matafiyi, da ta mahaifi a kan ɗansa. Kai da ke riƙe da sitiyari matafiyi ne, kuma mahaifi ne. Ke ma da ke rungume da jinjiri haka. Biyu daga cikin ukun sun haɗu a harshenku, sai a ɓarar da su wajen tsinuwa saboda yaro ya zubar da kunu a kujera?

Hanin yi wa 'ya'ya mugun baki ma a kan hanya aka yi shi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa a wata fita yaƙi abin hawa ya yi ƙaranci, har mutum biyar, shida, bakwai ke karɓa-karɓar raƙumi ɗaya. Da layi ya zo kan wani mutumin Madina sai raƙumin ya yi masa nawa, shi kuwa ya tsine masa. Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya yi tsinuwar, ya umarce shi ya sauka, kada ya bi su da abin da aka tsine wa. Sannan ya ce kada ku yi wa kanku mummunar addu'a, kada ku yi wa 'ya'yanku, kada ku yi wa dukiyarku, don kada ku dace da sa'ar da ake roƙon Allah ya amsa muku. Raƙumi ke nan fa, wanda gajiya ta sa mai shi ya yi masa baki. Ina ga ɗan cikinka?

A ganina yawancin fushin nan gaggawa ce ke haifar da shi. Maigida na son shiga gari kafin duhu, kuma yana da gaskiya. To, sai a yi sammako, a sa tsaye-tsayen yara cikin lissafi tun daga gida, don yaro ɗan shekara 3 ba ya iya riƙe fitsari irin na babba. Annabi (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro, ya taƙaita don tausayin uwarsa. A wata tafiya kuma da Anjasha, mai kora raƙuma, ya sa raƙuman mata sauri da waƙarsa, ce masa ya yi ya bi a hankali da kwalabe, yana nufin matan. Allah da kansa ya rage wa matafiyi azahar da la'asar da isha zuwa raka'a 2, kai ma rage wa iyalinka. In jinjiri ya ƙi shiru, daina juyowa kana yi wa uwar tsawa, ita ma ba ta runtsa ba. Nemi gari ko gidan mai ka tsaya, ta sha iska, ka karɓe shi minti 10.

In ran ya ɓaci har sai an yi magana, a ce "Allah ya shirye ka." Ita ma tana huce zuciya, in kuma ta dace da sa'a riba ce.

A kuma ba yaran aikin yi. Kafin mota ta tashi a biya musu addu'ar hawa, "Subhanallazi sakkhara lana haza wama kunna lahu muƙrinin," su maimaita. Sahabbai in sun hau tudu kabbara suke yi, in sun gangara su yi tasbihi. Masu bin hanyar Jos da Akwanga, ku gwada wannan da yaranku, za ku ga har rige-rigen hango tudu suke yi.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya raya mana zuriya.