Don Jami'i Ya Ce Ka Tafi, Ba Wanke Ka Ya Yi Ba

Assalamu alaikum ƙannena matasan Sakkwato, 'yan kabu-kabu da direbobin tasha, har da ku da kuke ɗaukar motar gida da la'asar ku fita zaga gari.

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana, tana kai samarinmu asibitin ƙashi na Wamakko da gidan yari da maƙabarta, amma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Yaro zai taso daga Kwannawa ya take totur ya nufi Shuni, jami'i ya ɗaga masa hannu. Ya tsaya, ya sauke gilashi, ya ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, sauri nika yi." Jami'in ya duba takardunsa, ya dubi fuskarsa, ya ce, "Ina za ka da wanga gudu? Je ka, kada ka sake." Kafin ya kai Dange allurar gudu ta koma inda take. Da dare a majalisa kuma labarin da zai bayar shi ne ya iya magana da hukuma, shi ba a rubuta masa takarda.

Ƙanena, ba iya bakinka ne ya fisshe ka ba. Aikin ne ya bar wa jami'in da ke bakin titi dama ya auna abin da ke gabansa: ya ja kunne ya sallama, ko ya rubuta takardar laifi, ko ya riƙe mota, ko ya miƙa mutum kotu. Kuma da hikima aka bar masa wannan dama. Wanda ya ɗauko mai naƙuda da tsakar dare zai kai ta asibitin Maryam Abacha ba ɗaya yake da wanda ke tsere da abokinsa a rakiyar amarya ba, ko da allurar motocinsu lamba ɗaya ta nuna. Doka ba za ta iya rubuta halin kowa ba, dole a bar wa mai ido ya gani. Sai dai damar tasa ce, ba taka ba. Yau ya ga dama ya ɗaga maka ƙafa, gobe wani ya ƙi, kuma babu alƙalin da zai tilasta masa ya yi maka afuwa don an taɓa yi maka. Laifin da ka yi yana nan yadda yake, rubutawa ce kawai ba a yi ba.

Da yawa cikinmu ma ba su san iyakar da suke ƙetarewa ba. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce cikin gari kilomita 50 a awa ga ƙaramar mota da tasi da bas da babur. A babbar hanya irin ta Illela ko ta Tambuwal, 80 ne ga ƙaramar mota da bas, 50 ga tirela da tankar mai, babur kuma yana nan a 50 ɗinsa. Wannan 100 ɗin da kowa ya haddace ta babban titi mai tagwayen hannu ce, a can ma bas 90 aka ba ta. Da zarar ka shigo Kware ko Gwadabawa ko Bodinga ko Shagari, ka shigo gari, lissafi ya koma 50, ko da kwaltar tana kiran ka.

Ba don a takura maka aka yanke waɗannan lambobi ba. Motar da ke gudun 120 tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya, wato tsawon filin ƙwallon Giginya cikin daƙiƙa 3. Tsakanin idonka ya ga jaki ya faɗo titi da ƙafarka ta bar totur ta sami birki, daƙiƙa guda ta wuce, sau da yawa ma fiye. Sannan birkin ya fara nasa aikin, kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota ke buƙata ta tsaya ninki huɗu yake zama. Mun san hanyoyinmu: raƙumi da kaya, amalanken shanu, garken tumaki ranar kasuwa, almajiri da ƙoƙonsa, yarinya mai tallan gyaɗa da ta hango mai saye a tsallake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato ku da ƙannenku. Ta ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge a gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge a 50 sau huɗu da rabi. To, me kake samu? Tafiyar kilomita 100 a gudun 80 awa 1 ce da minti 15, a gudun 120 minti 50. Minti 25 ke nan, waɗanda galibi a bakin mai shayi ko jiran lodi suke ƙarewa.

Yanzu mu zo ranar da jami'i ya ciro biro. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 'yan rod sefti, tun 1988 take aiki, kuma jadawalin dokarta ta 2007 ya sa wa wuce iyakar gudu tarar naira 3,000 da maki 3 a kan lasisi. Makin taruwa yake yi, har ya kai ga a dakatar da lasisin ko a ƙwace shi. Amma akwai wani laifin dabam a dokar, tuƙin ganganci, mai tarar naira 50,000, wanda a gaban kotu kan iya zama ɗaurin da ya kai shekara 2. Ku lura da nan sosai, domin nan ne samari ba sa gani. Gudu ɗaya, titi ɗaya, jami'i na iya rubuta shi a ƙaramin laifi, yana iya rubuta shi a babban, gwargwadon abin da ya gani: cunkoson da ka ratsa, makarantar da ka wuce ana tashi, yadda ka sha gaban mota a kwana. Ashe damar nan da kuke so ba ta sassauci kaɗai ba ce, tana iya yin sama kamar yadda take yin ƙasa. Wanda ya fito daga mota yana ɗaga murya yana "ka san ko ni ɗan wane ne", shi da kansa yake tura biron zuwa layin da ya fi tsada. In kuwa hannu ya kai ga rigar jami'i, an bar maganar gudu, an shiga wata shari'ar.

In an ba ka takarda, ka karɓa, ka karanta abin da aka rubuta. Kuɗin tara asusun gwamnati ake biya ta banki, a ba ka shaida, ba a hannun kowa ba. Ka kuma sani cewa biyan tarar yana nufin ka haƙura da zuwa kotu. In ka tabbata zaluntar ka aka yi, kana da haƙƙin ka ƙi biya ka je gaban majistare, ko a kotun tafi-da-gidanka da ake kafawa a bakin hanya. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba ka da laifi sai an tabbatar, kuma wanda ya zarge ka shi zai kawo hujja, ko ta na'urar auna gudu ko ta abin da ya gani. Abin da ba ya cikin zaɓi shi ne ka cusa takardar a aljihun mota ka manta, ko ka bar motarka a tsare kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Na san abin da ke ci muku rai, ni ma yana ci mini. Za a tare ɗan kabu-kabu da ke neman na cefane, a daidai lokacin wata jibgegiyar mota mai baƙin gilashi ta wuce da gudun da ya ninka nasa, a sara mata. Wannan zalunci ne, kuma jami'in da ke auna mutane da girman motarsu ya ci amanar damar da aka ba shi, zai kuma amsa tambaya a gaban Allah. Ban zo in wanke kowa ba. Amma ƙanena, "ai ga wancan ka bar shi" ba kariya ba ce a gaban alƙali. Tambayar da za a yi maka ɗaya ce: kai, ka yi gudun ko ba ka yi ba? In kana da ƙorafi a kan jami'i, sunansa yana ƙirjinsa. Ka riƙe sunan da wurin da lokacin, ka kai wa na gaba da shi. Rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a tun 2015. Hanya ce mai jinkiri, amma ba ta ƙara maka laifi a kan laifi.

Abin da ke ƙara laifi shi ne 'yar takardar kuɗin nan da ake naɗewa a cikin lasisi. Mun sa mata sunaye masu daɗi, na goro, na ruwa, don kada kunnenmu ya ji sunanta na gaskiya. Dokar hukumar yaƙi da rashawa, ICPC, ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga mai karɓar rashawa, ta tanadi irinsa ga mai bayarwa. Ka duba cinikin: laifin tara ka musanya shi da na shekara 7. Wannan a duniya ke nan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Shehu Usmanu, Allah Ya jiƙansa, a Kitabul Farƙi ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin miyagun al'adun mulkin da ya tashi gyarawa. Abin kunya ne a garin da Hubbarensa yake a ce yaro ɗan shekara 20 ya ƙware wajen naɗe ta ba tare da fasinja ya gani ba. Kuma duk naira 500 da ka miƙa, kai ne ka koya wa wannan shingen cewa direban da ke bayanka ma abin tatsa ne.

Iyayenmu da yayyenmu, ku gafarce ni, akwai naku kason. Yaro ya yi ganganci an tsare shi, ya miƙa wa jami'i waya, "ga Baba zai yi magana da kai", Baba kuma ya kira wani babba, cikin minti 10 an saki mota. Kuna ganin kun rufa masa asiri. Abin da ya koya shi ne titi yana da doka ga 'ya'yan wasu. Da an bar shi ya bi layin banki da kuɗin aljihunsa, ya yi yini biyu babu mota, da ya fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Domin akwai ranar da waya ba ta aiki. Ranar da aka kwashi mutum a kan kwalta aka lulluɓe shi da zanen wata baiwar Allah, babu sauran "je ka, kada ka sake". 'Yan sandan sashen haɗurra za su zo su auna tabon taya su zana taswira, jami'in duba motoci ya gwada birki ya rubuta rahoto, kai kuma kana bayan kanta. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta sa ɗaurin shekara 7 ga wanda ya yi sanadin mutuwa da tuƙin ganganci. Duk jami'an da suka taɓa yi maka afuwa ba wanda zai zo ya tsaya maka, kuma ba za su iya ba. In Allah Ya jarrabe ka da irin wannan rana, kada ka gudu ka ɓuya. A kira 122, layin gaggawa na rod sefti, a kai wanda ya ji rauni asibiti, in ka ji tsoron fushin jama'a ka miƙa kanka ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita, amma ba ta ɗauke wa mai sakaci alhaki. Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce wurin a Risala inda aka ce mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta suna lamunin abin da ta taka. In mahayin doki yana lamuni, ina ga mai tuƙa ƙarfe? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai fa abin da ya fi ƙarfinsa wanda ba shi da halin kauce masa. Wanda ke gudun 120 inda aka ce 80 ba shi da bakin cewa abu ya fi ƙarfinsa.

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta faɗi abin da ke kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalansa, da 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Diyyar raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, kimanin kilo 4 da kwata na zinariya. Ka shiga kasuwa ka tambayi kuɗin giram ɗaya ka lissafa, ka ga nauyin da za ka ɗora wa danginka. Mutanenmu masu haƙuri ne, sau da yawa uban mamaci zai share hawaye ya ce ya yafe, kwanansa ne ya ƙare. Allah Ya saka musu da alheri. Amma diyya suka yafe, ita ce haƙƙinsu. Kaffara haƙƙin Allah ce, ba uban mamaci ba DPO ba mai unguwa da ke da ikon ɗauke ta. Wata 2 babu tsallaken yini sai da uzuri, ko da ta faɗo a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, kuma a wurin mafi yawan malamai kowane rai da tasa kaffarar. Direban bas da ya cire na'urar taƙaita gudu, wadda aka fara tilasta wa motocin haya tun Fabrairun 2017, ya ƙirga kujerun da ke bayansa.

Wanda kuma ya san ya taɓa buge mutum ya rasu, aka sasanta a ofis ko a zaure, dangi suka yafe, kowa ya watse, ya sani azumin nan yana iya kasancewa a wuyansa har yau. Ya je wurin malamin da ya amince da iliminsa, ya faɗi yadda abin ya faru ba ragi, gudun da yake yi da halin birkinsa da ko waya tana kunnensa, a gaya masa abin da ya hau kansa, ya fara biya tun yana da ƙarfin yin azumi.