Na yi ritaya, a bar ni in huta

Wai sai yaushe mutane za su yarda na bar aikin ɗan sanda? Kaki na mayar, bindiga na mayar, katin shaida ma na miƙa. Amma da an kama ɗan wani, wayata ce ke fara ƙara, ko tsakar dare ne: "Yallaɓai, ka sa baki a sake shi." Da wane bakin? Mai ritaya ba shi da ikon ba da beli, balle rufe fayil. Yaran da ke caji ofis yanzu ko fuskata ba su sani ba. In na faɗi haka, a ce wulaƙanci ne.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne shirun nan. Ana hira ana dariya, ina isowa kowa ya gyara zama, sai ka ce da sammaci na zo. Rahoton wa zan kai, kuma wa zan kai wa? Hatta jikokina da ni ake tsorata su: "Bari Kaka ya zo ya kama ka!" Yanzu ƙaramin ko na miƙa hannu ba ya zuwa.