Ƙannena masu ɗaga ƙarfe, ku zo mu yi maganar fenilalanin

Assalamu alaikum. Makon jiya ƙanena ya shigo da gorar lemo marar sukari da ya saya a Wunti, hankalinsa a tashe. Wai an turo musu a WhatsApp cewa fenilalanin da aka rubuta a jikin gorar shi ke kawo hawan jini. Alhali yaron nan kullum da safe sai ya kaɗa garin gina jiki ya sha kafin ya tafi ɗaga ƙarfe, ga wasu ƙwayoyi da ya yi oda ta intanet, ko sunansu bai iya karantawa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku saurara, fenilalanin ba guba ba ne. Ɗaya ne daga tubalan da ake gina furotin da su, kuma jiki ba ya iya yin sa da kansa, dole sai an ci. Yana cikin nama da kifi da ƙwai da nono da wake da gyaɗa. Awarar da kuke saya a Yalwa da tsiren dare, duk akwai shi. Hanta ce ke juya shi ya koma wani tubalin mai suna tirosin, daga nan jiki ya samar da sinadaran dofamin da adirenalin da noradirenalin. Biyun ƙarshen nan su ke sa zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. To, ga inda zancen hawan jini ya samo asali.

Amma na cikin abinci, jiki mai lafiya yana sarrafa shi daidai buƙatarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne tataccensa da ake sayarwa a ƙwaya, wai don kuzari ko wartsake ƙwaƙwalwa. Wanda ke shan maganin ciwon damuwa na rukunin MAOI, idan ya haɗa da wannan ƙwayar, jininsa na iya hawa farat ɗaya har a kwashe shi ranga-ranga. Mai hawan jini da mai juna biyu ma kada su kusance ta ba da sanin likita ba.

Shi kuwa rubutun jikin gora, gargaɗi ne ga wasu mutane na musamman. Asfatam, sinadarin zaƙin da ke maye gurbin sukari, ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, kuma kusan rabinsa fenilalanin ne. Akwai cutar gado mai suna PKU, wadda wani likitan Norwe, Asbjorn Folling, ya gano a 1934. Hantar mai ita ba ta iya juya fenilalanin, sai ya taru a jini ya illata ƙwaƙwalwar yaro: jinkirin magana, farfaɗiya, fata da gashi su yi haske. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita take bayyana, shi ya sa mu da auren zumunci ya yi mana yawa bai kamata mu yi kunnen uwar shegu ba. Idan an gano ta tun yaro na jariri, tsara abinci na kare shi. Irin wannan yaro asibiti ake kai shi, ba a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi ba.

In da gaske hawan jini kuke tsoro, ku leƙa tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali guda. Ku lissafa dunƙulen miya, da na yajin tsire, da na taliyar leda da kuke ci tsakar dare, sannan a kora da lemon ƙarin kuzari mai cike da sinadarin kafeyin. Kuma hawan jini ba ya sallama. Saurayi ɗan shekara 25 na iya yawo da awo 140 bisa 90 yana jin kansa garau.

Ƙanen nawa dai na ce ya tattaro ƙwayoyinsa a leda. Ranar Asabar za mu kai wa mai ilimin haɗa magunguna ya karanta mana, daga nan mu wuce a auna jininmu, ni da shi duka.