Daga Kainji Zuwa La Grande: Ruwa Na Nan, Hanyar Wutar Ce Ta Yi Ƙaranci

Duk lokacin da aka ce babban layin wutar lantarki na Najeriya ya durƙushe, tambayar da nake ji a bakin mutanenmu ita ce: ina Kainji, ina Jebba, ina Shiroro, ko ruwan ne ya ƙafe? Ina zaune a lardin Kebek na ƙasar Kanada, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ake samarwa daga ruwa take fitowa, kuma abin da na gani a nan ya tabbatar mini cewa wannan tambaya ba ta kai ga tushen matsalar ba.

An kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara a 1968, an tsara ta domin injuna 12, amma 8 aka girka a lokacin, masu ƙarfin megawat 760. Jebba ta biyo baya a 1985 da megawat 578, sai Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 da megawat 600, sannan Zungeru mai megawat 700 a 'yan shekarun nan. Kainji tana da wata baiwa da ba kowace madatsa ke da ita ba, domin sau biyu ruwa yake zuwar mata a shekara: na daminar da ta sauka a kusa da ita, da kuma wanda ya taso daga tsaunukan Gini, wanda saboda nisan tafiya ba ya isowa sai cikin hunturu, lokacin da sama ta daɗe da ɗaukewa. Duk da haka, mafi yawan wutar ƙasar daga tashoshin iskar gas na kudu take fitowa.

Amfanin madatsa ya wuce yawan megawat ɗin da aka rubuta mata. Wutar da ke kan babban layi ba ta jira. Abin da aka samar dole ya yi daidai da abin da ake ja a kowace daƙiƙa, kuma ma'aunin hakan shi ne bugun wutar, wanda a Najeriya ya kamata ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa guda. Idan wata babbar tasha ta faɗi ba zato, bugun sai ya fara sauka, in kuwa ba a tare shi ba, sauran injuna su ma sai su cire kansu ɗaya bayan ɗaya domin kada su lalace, ƙasa ta shiga duhu. A nan ne injin ruwa yake da ranarsa. Ƙofofin da ke kewaye da farfelarsa suna ƙara buɗewa, ruwa ya ƙaru, wuta ta ƙaru cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, kuma ko bayan komai ya mutu, tashar ruwa tana iya tashi da ɗan abin da ke gare ta, ta tayar da sauran. Tafkin madatsa rumbu ne, kuma mai hankali ba ya ƙarar da rumbunsa tun kaka. Idan aka bar injunan ruwa suna aiki iyakar ƙarfinsu dare da rana saboda wuta ta yi kaɗan, to babu sauran abin da za su ƙara a ranar da aka fi bukatarsu.

A Kebek ana ganin wannan da ido a safiyar hunturu. Yawancin gidaje da lantarki suke ɗumama ɗaki, kuma idan sanyi ya tsananta, kowa ya tashi ya kunna abin girki da na ruwan wanka a lokaci guda, amma fitilar ɗaki ba ta ko ƙyaftawa, alhali kuwa wutar tana tahowa ne daga kogin La Grande, kusan kilomita 1,000 arewa da Montreal. Tashar Robert-Bourassa da ke kan wannan kogi ita kaɗai tana da ƙarfin megawat 5,616, wato ta ninka madatsun nan huɗu namu a haɗe. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne turakun ƙarfen da ke jere a gefen hanya, sahu biyu ko uku kusa da juna, ɗauke da layuka masu kilobolt 735 (ma'aunin ƙarfin turin wuta a kan layi), waɗanda kamfanin wutar lardin, Hydro-Québec, ya fara aiki da su tun 1965. Namu mafi girma kilobolt 330 ne.

Su ma sun ɗanɗana duhu. A watan Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya daskare a kan wayoyi, nauyinsa ya karya turaku masu yawa, har wasu yankuna suka yi makonni babu wuta cikin tsananin sanyi, alhali madatsunsu ba abin da ya same su. Bayan haka suka gina layukan zagaye domin gari ya riƙa samun wuta ta fuska fiye da ɗaya, suka kuma riƙa sanya turke mai ƙarfi na musamman a tsakanin sauran, domin in ɗaya ya faɗi kada ya ja na gabansa.

Abin da ya faru a arewacin Najeriya a watan Oktoban 2024 ya yi kama da wannan ta wata fuska. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan ɗaya layin da ke hawowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala, sai jihohi da dama suka yi kwanaki cikin duhu. Abin da ya fi ciwo shi ne duk manyan madatsun nan a arewa suke, ruwa yana cikin tafkunansu, amma babu ta inda wutar za ta bi ta isa Kano ko Katsina.

Na san kwatancin yana da iyaka, domin mutanen Kebek kusan miliyan 9 ne, mu kuwa mun haura miliyan 200, kuma su ba sa fama da masu fasa turaku a daji. To amma wannan ma hujja ce a gare mu, domin wanda layinsa ke cikin haɗari shi ya fi bukatar layi na biyu. Ina goyon bayan aikin madatsar Mambila da aka daɗe ana magana a kansa, sai dai a ganina kafin a zuba kuɗi a sabuwar madatsa, ya kamata a fara da ba kowane babban birni na arewa layi biyu daga fuskoki daban, a gyara injunan Kainji da Jebba su dawo da cikakken ƙarfinsu, sannan a ware wani kaso na ƙarfin nasu a matsayin ajiya, a kuma biya masu tafiyar da tashoshin kuɗin riƙe shi.